Taura Biyu Ba Ta Taunuwa: Haƙoran Aksil da Hanyoyin Karkararmu



Ran da aka liƙa sanarwar wannan jawabi a jikin allo, wani abokina ya tare ni a ƙofar ɗakin cin abinci, ya ce, "Kai kuwa, duk matsalolin ƙasar nan ba ka ga abin yin magana a kai ba sai haƙoran ƙarfe?" Na ce masa ya zo ya saurara, in bai gamsu ba ya ci ni tara. Ga shi can kuwa ina hango shi a layin baya. Gaskiyarsa ce, maganata a kan ƙarafa biyu take, waɗanda ba su fi mutum ya ɗauka da hannu ba, suna ɓoye cikin mai a ƙarƙashin mota. Amma a yankin da na fito, sau da yawa su ne ke yanke hukuncin ko tumatirin manomi zai isa kasuwa da safe, ko kuwa zai kwana cikin rairayi ya ruɓe.

Bari in fara da ƙasar tukuna. Duk wanda ya fita daga Kano ya nufi arewa, ko ta hanyar Dawanau zuwa Bichi da Tsanyawa, ko ta hanyar Ɗambatta, ko ta Minjibir, ya san abin da zai gani. Gona ce ke manne da gona, ba daji, ba saura, sai gawo da ɗorawa da kuka a tsakanin kunyoyi, gidaje kuma a warwatse ko'ina. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya, daga baya kuma a Jami'ar Bayero, ya binciki wannan yanki tun cikin shekarun 1960. Ya nuna wa duniya abin da iyayenmu suka daɗe da sani, watau ana noma gona ɗaya shekara da shekaru ba hutu, ƙasar kuwa ba ta mutu ba, saboda taki. A zamanin nan jakuna ne ke shiga birni da itace, su komo da mangalar taki. Ashe ke nan noman yankinmu tun asali a kan sufuri ya dogara: taki ya shiga gona, amfani ya fita.

Yau jakuna sun ragu, kaya kuwa sun ƙaru. Madatsun ruwa irin su Tomas da Gari da Watari sun kawo noman rani, ga tumatir, ga albasa, ga tattasai, kaya ne da ba sa jiran gobe. Ga gero da dawa da wake da riɗi da ke neman hanyar Dawanau. To, amma kwalta ba ta bi kowace gona ba. Tsakanin rumbu da bakin titi akwai kilomita biyar, ko goma, ko fiye, na burtali da jigawa, inda taya ke nutsewa da rani, da damina kuma ga taɓo da zaizayar ruwa. Wannan ɗan tsakani shi ne ke cin ribar manomi, shi ne kuma ke kashe motoci.

Motocin kuwa daga ina suke? A 1975 aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna, kuma a ƙarshen shekarun 1970 da farkon na 1980 aka buɗe masana'antun manyan motoci a Bauchi da Ibadan da Inugu da nan Kano. Motocin wancan zamani an ɗan yi musu gyara don su dace da hanyoyinmu, shi ya sa har yanzu ake ganin tsofaffinsu suna fama. Amma galibin motocin da ke shigowa daga baya 'yan Kwatano ne, waɗanda aka ƙera domin shimfiɗaɗɗun titunan Turai, inda babu rairayi, babu kuma mai ɗora wa mota abin da ya fi ƙarfinta. In irin wannan mota ta faɗo hannun ɗan kasuwar ƙauye, sai ya sake mata halitta. A ƙara mata sifirin, a ɗaga bodi, a yi mata walda da dogayen ƙarafa a baya, a sa mata manyan tayoyi. Motar da ta fito daga hannun makanikanmu ba ita ce wadda ta fito daga masana'anta ba, sabuwar ƙira ce, mu muka ƙera ta, alhakinta kuma a wuyanmu yake.

A Amurka ma akwai masu irin wannan sana'a. Tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu samari a Kalifoniya suke sake wa tsofaffin motoci fasali, suna tseren rubu'in mil, watau wajen mita 400. Akwai wani aksil na kamfanin Ford da aka yi ta ƙerawa daga 1957 zuwa 1986, wanda har yau suke so ƙwarai, saboda ana iya zare cikinsa ɗungurungum a sauya haƙoransa ba tare da wahala ba. Su don wasa da alfahari suke yi, mu kuwa don neman abinci. Amma lissafin ɗaya ne, kuma shi nake so mu fahimta a daren nan.

Ga yadda abin yake a motar da tayoyin baya ke turawa, irin su akori-kura da tipa da gingimari. Inji yana juyi, juyin ya bi ta kuloci ya shiga giyabos, daga nan ya bi dogon ƙarfen nan da ake kira farfela har zuwa baya. In ka leƙa ƙarƙashin mota za ka ga aksil ɗin baya yana da wani kumburi a tsakiya kamar tulu. A cikin tulun nan akwai ƙarafa biyu masu haƙora da ke cizon juna. Ɗaya babba ne, kamar faifai. Ɗayan ƙarami ne, yana bakin farfela. Bari in kira su uwa da ɗa, kamar yadda muke cewa dutsen niƙa da ɗansa. Ɗan shi ke juya uwar, uwar kuma ta juya tayoyi.

To, a ƙidaya haƙora. A ce uwar tana da 37, ɗan yana da 9. In ka raba 37 gida 9 za ka sami 4.11. Ma'anarsa, sai farfela ta juya sau huɗu da ɗan ɗoriya kafin taya ta juya sau ɗaya. Wannan lamba ita ce lissafin aksil. Juyin ya ragu kashi huɗu, amma ƙarfin murɗawar da ke isa taya ya ninka sau huɗu. In lambar ta yi sama, ƙarfin ja ya ƙaru, gudu ya ragu. In ta yi ƙasa, gudu ya ƙaru, ƙarfin ja ya ragu.

Kada wannan ya zama baƙo gare mu, don kakanninmu sun san shi tun ba a yi mota ba. Ku tuna da jigo a fadama. Curin laka mai nauyi yana gajeren gefe, motsinsa kaɗan ne, guga kuwa yana dogon gefe, yana tafiya mai nisa daga ƙasan rijiya zuwa sama. Nisan da guga ya samu, da nauyin laka aka biya shi. Ko ku dubi keke. In faifan feda yana da haƙora 44, na baya yana da 18, kowane zagayen ƙafa zai juya taya kusan sau biyu da rabi. In mai ɗaukar itace ya sauya na bayan ya sa mai 22, taya za ta juya sau biyu cif. Tuƙin ya yi sauƙi, kaya sun tashi, amma kada ya sa ran zai riga ɗan makaranta isa gari. Haƙora ba sa haifar da ƙarfi. Inji ne ke ba da ƙarfi, su kuwa musaya kawai suke yi, ka ba da gudu ka karɓi ja, ko ka ba da ja ka karɓi gudu. Taura biyu ba ta taunuwa.

Ni ba a aji na fara gane wannan ba, a garejin wani makaniki ne a garinmu. Kawuna yana da tsohuwar akori-kura da yake jigilar hatsi da ita daga ƙauyuka zuwa kasuwa. Saboda cikinta yana yawan shafar ƙasa a burtali, sai ya cire tayoyinta na asali, waɗanda kewayensu ya kai wajen mita 2, ya sa manya masu wajen mita 2.2. Mota ta ɗaga, ta yi kyan gani, kowa ya yaba. Ba a yi wata biyu ba sai ta fara kasala. In an yi mata lodi ba ta tashi sai direba ya riƙa wasa da kuloci, wari yana tashi kamar ana ƙona fata. Cikin damina ɗaya sau biyu aka sake kuloci. Kawu ya ce inji ne ya gaji, har ya fara cigiyar wani a Ƙofar Ruwa.

Ina hutu a gida a lokacin, sai ya ce in raka shi wurin makanikin. Dattijo ne, bai yi boko ba ko na kwana ɗaya. Ya saurari inji, ya zagaya motar, ya daki taya da ƙafa, ya ce, "Alhaji, injinka lafiya lau yake. Ka sa wa jaki dogayen ƙafafu ne, ka hana shi ƙarin dawa." Sa'an nan ya juyo gare ni, ya ce, "Injiniya, zo ka yi mana lissafi." Ya sa aka tare tayoyin gaba da duwatsu, aka cire giya, aka saki birkin hannu, aka ɗaga tayar baya guda ɗaya da jak, ɗayar tana ƙasa. Ya yi wa tayar alama da alli, ya yi wa farfela. Ya ce in juya tayar sau biyu cif, shi kuma yana tsugune a gefe yana ƙirga juyin farfela. Ya ce, "Huɗu da 'yar ɗoriya." Da aka kwance tulun aka ƙirga, 37 ne da 9. Ni da nake taƙama da lissafin makaranta sai na ji kunya, don ban san dalilin da ya sa ake juya tayar sau biyu ba. Sai da na koma na karanta na gane cewa a cikin tulun akwai wasu ƙananan haƙora masu raba juyi tsakanin tayoyin biyu, domin a kwana tayar waje ta fi ta ciki tafiya. In an riƙe taya ɗaya, ɗayar sai ta yi juyi biyu a madadin ɗaya.

Maganin da ya ba da shi ne a sauya uwa da ɗa, a sa masu 39 da 8, watau 4.88. Yanzu ku duba abin da lambobin nan suka haifar. A ce mota tana giya ta huɗu, inda farfela ke juyi daidai da inji, inji kuma yana juyi 3,000 a minti ɗaya. Da tayoyin asali da haƙoran asali, taya tana juyi 730 a minti, mota tana gudun kilomita 88 a sa'a. Da Kawu ya sa manyan tayoyi, gudun ya koma 96, amma ƙarfin ja ya ragu da wajen kashi 9 cikin ɗari, abin da ya cinye kulocin ke nan. Da aka sa sababbin haƙora, taya ta koma juyi 615, gudu ya sauko 81, ƙarfin murɗawa a aksil kuwa ya ƙaru da wajen kashi 19 cikin ɗari. In an cire abin da manyan tayoyi suka ci, motar ta fi yadda ta fito daga masana'anta ja da wajen kashi 8 cikin ɗari.

Akwai wani abu a nan da ya kamata kowane direba ya sani. A tsofaffin motoci, maleji daga giyabos yake ɗaukar labari, bai san an sake taya ko haƙora ba. Saboda haka a duk hali ukun nan 88 yake nunawa. Sa'ad da motar ke gudun 96 yana cewa 88, watau yana ɓoye wa direba gudu, wannan kuwa haɗari ne. Bayan gyara tana 81 yana cewa 88. Duk wanda ya taɓa taya ko aksil, ya sani malejinsa ya zama maƙaryaci, har da ƙidayar nisan tafiya.

Aikin kansa kuma ba na gaggawa ba ne. Uwa da ɗa tare ake goge su a masana'anta har su saba da juna, don haka ba a ɗauko uwa daga wannan mota a haɗa ta da ɗan waccan, ko da yawan haƙoran ya yi daidai. Wanda ya yi haka don neman araha, kukan aksil zai raka shi ko'ina, ƙarshenta haƙora su kakkarye. Dole a bar 'yar tazara tsakanin haƙoran, wadda ba ta wuce kaurin takarda ɗaya ko biyu ba. In ta yi yawa sai su riƙa dukan juna, in ta yi kaɗan sai su yi zafi. Na ga dattijon nan ya shafa wa haƙoran uwar wani shuɗin fenti, ya juya, ya duba inda ɗan ya taka. In sawun ya yi kusa da baki ko gindi, sai ya kwance, ya ƙara ko ya rage 'yan siraran zobban ƙarfe a bayan boris, ya sake ɗaurawa. Sau huɗu ya yi haka, tun hantsi har la'asar, sai da sawun ya zauna a tsakiyar haƙori. Daga nan ya zuba mai mai kauri na aksil, ba baƙin man inji ba, domin irin waɗannan haƙora gogar juna suke yi, ba turawa kaɗai ba. Ya kuma ce a lallaɓa motar na 'yan makonni, sa'an nan a zubar da man a sake sabo. Ya ƙara da cewa da mota ce mai ja da ƙafa huɗu, da sai an sauya na gaba ma, don in lissafin gaba da na baya suka saɓa, motar da kanta za ta yi ta kokawa har wani abu ya karye.

Mota ta tashi garau. Rairayin da a da sai an tura, yanzu da giya ta biyu take ratsa shi. Warin kuloci ya ɗauke. A hanyar ƙauye da lodi shan manta ma bai ƙaru ba, tun da direba ya daina zama a giya ɗaya yana ta taka totur. Amma in ta hau kwalta ba kaya, sai inji ya riƙa ƙara, mai yana tafiya, domin kowace kilomita sai ya yi juyi fiye da da. Tun kuwa da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ta wuce haka nesa, wannan ba ƙaramin lissafi ba ne ga mai mota. Don haka kafin mutum ya taɓa aksil, ya fara tambayar kansa: a ina motar nan ta fi yini, a rairayi ko a kwalta?

Da a nan labarin ya ƙare, da na zo muku da albishir kawai. To, bai ƙare ba. Ran da muka ɗauki motar, dattijon ya riƙe hannun Kawu, ya ce, "Alhaji, ka ji ni da kyau. Na ƙara mata ƙarfin ja, ban ƙara mata ƙarfin tsayawa ba." Kawu ya yi dariya, ya ce ya ji. Amma motar da aka yi domin ɗaukar wajen tan ɗaya, watau buhu goma, da ma sha biyar ake ɗora mata. Da aka ga tana tashi ba gardama, sai aka kai ashirin, aka kai ashirin da huɗu, ga fasinja a bisa kaya. A da kulocin ne ke kuka ya tsawata wa mai lodi. Yanzu an rufe bakin mai tsawatarwa.

Wata Lahadi da asuba suna hanyar kasuwar Ɗambatta, sai garken shanu ya ɓullo daga burtali ya hau titi. Direba ya taka birki har ƙasa, mota ta ƙi tsayawa. Ya kauce wa shanun, ta gangara kwalbati, ta kwanta a gefe ɗaya. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma yaron motar, wanda sa'ana ne, tare muka yi makarantar allo, ya karye a cinya, har yau yana ɗingishi. Wata tsohuwa kuma ta yi wata guda a kwance. Da na zauna na yi lissafi, sai na ga nauyin motar a ran nan ya kusa ninka abin da aka yi wa birkinta tanadi. In birki ya riga ya kai iyakarsa, ninka nauyi yana ninka nisan tsayawa, ninka gudu kuwa yana ninka shi sau huɗu. Daɗin daɗawa, manyan tayoyin nan da suka rage ƙarfin ja sun rage ƙarfin birki ma daidai gwargwado, sabon aksil kuwa bai mayar da wannan ba. Ba laifin haƙora ba ne, ba kuma laifin makaniki ba ne. Laifinmu ne mu da muka karɓi rabin maganarsa muka zubar da rabi.

To, me ya kawo wannan magana gaban ɗalibai da ma'aikatan gwamnati?

Na farko, ku yayyenmu da ke ofis. Wataƙila gobe a ce ɗayanku ya rubuta takardar sayen motar ɗaukar marasa lafiya domin wani asibitin karkara, ko motar rarraba takin zamani, ko ta malaman gona. Abin da aka saba dubawa shi ne suna da launi da farashi. Ina roƙonku ku ƙara tambaya uku: wace hanya motar za ta bi, nauyin me za ta ɗauka, kuma mene ne lissafin aksil ɗinta da girman tayarta? Kamfanonin manyan motoci da dama suna ƙera mota iri ɗaya da lissafin aksil daban-daban, mai saye ne ke zaɓa. In ba ku zaɓa ba, za a zaɓa muku abin da ya dace da titin wata ƙasa. Sa'an nan bayan shekara ɗaya a ga motar a bayan ofis bisa duwatsu, kaji suna ƙwai a ciki, a ce ai direbobi ne ba su da amana. Mace mai naƙuda a wani ƙauyen Kunci ko Makoɗa ba ruwanta da launin mota, abin da ya dame ta shi ne ko za ta ratsa rairayin.

Na biyu, masu duba lafiyar motoci da masu kiyaye haɗurra a kan hanya. Hana makanikai sake fasalin mota ba zai yiwu ba, bai ma kamata ba, domin da wannan dabara karkara ke cin abinci. Abin da ya kamata shi ne a san an yi. Motar da aka ƙara wa sifirin da taya da haƙora, a gwada birkinta tana ɗauke da kaya, a gyara malejinta, a rubuta iyakar nauyinta ɓaro-ɓaro a jikin ƙofa da Hausa, da boko da ajami, yadda fasinja ma zai iya karantawa ya ce shi ba zai hau ba.

Na uku, mu ɗalibai. Muna da Kwalejin Ilmi ta Fasaha ta Tarayya a Bichi, da Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako a Ɗambatta, da makarantar kimiyya a Dawakin Tofa tun 1977, ga jami'o'i a cikin birni. Duk suna zaune a tsakiyar wannan matsala. Amma da wuya ka ga ɗalibi ya tsuguna a gareji, sai dai in babur ɗinsa ne ya lalace. Dattijon nan yana da sanin da ya tara cikin shekara arba'in, a kunnensa da yatsunsa yake, ran da ya kwanta dama shi ke nan an binne shi da abinsa. Ni kuma ina da lissafin da zan iya gaya masa, tun ba a kwance ko ƙusa ɗaya ba, gudun da mota za ta yi da ƙarfin da za ta samu. Shi ya san sawun haƙori, ni na san rabawa da ninkawa. Me zai hana ƙungiyarmu ta ɗauki nauyin wani ɗan littafi da Hausa, mai shafi ashirin ko talatin, ɗauke da jadawalin haƙora da girman taya da gudu da iyakar kaya, a rubuta shi tare da makanikai, a raba a tashoshi da gareji? Wannan bai fi ƙarfinmu ba, bai ma kai kuɗin da muke kashewa a walimar ƙarshen shekara ba.

Na huɗu, kada mu manta da tushen abin. Manomi ba don sha'awa yake sake wa mota haƙora ba, hanya ce ta tilasta masa. Mai mota kuma yana cika lodi ne domin sawu ɗaya ne hanyar ke bari ya yi a yini. Kilomita biyar na burji mai kyau da kwalbati biyu za su yi abin da haƙora ɗari ba za su yi ba. Waɗanda za su zauna a kan kasafin kuɗin ƙananan hukumomi nan da shekara goma suna cikin ɗakin nan. In ranar ta zo, ku tuna da ɗan tsakanin nan da ke raba rumbu da titi.

Kawuna ya gyara motarsa, ya sake mata birki gaba da baya, ya kuma sa an rubuta a jikin bodi cewa buhu goma sha biyu ne iyaka. Na ce masa, "Kawu, ai goma aka yi ta domin ta ɗauka." Ya ce, "Ɗana, ka bar ni in sauko a hankali." Har yanzu muna wannan ja-in-ja da shi, ban kuwa fid da rai ba. Shi kuma dattijon makanikin, da na gaya masa zan yi magana a kansa a jami'a, sai ya ce in gaya muku ƙofar garejinsa a buɗe take, amma duk mai zuwa ya zo da tsohuwar riga.

Abokina na layin baya, in har yanzu akwai tara a kaina, mu haɗu a waje.  Kuskuren da ke ciki nawa ne, a gyara mini. Allah ya kiyaye matafiyanmu, ya sa albarka a gonakinmu.